Masu Aiko Fayil a Ofisoshin Zanen Gini na Makka

Alhajin da ya ɗaga kai ya kalli hasumiyar agogo ta Abraj al-Bait mai tsawon mita 601, ko ya hau gadar Jamrat a Mina, ba ya kawo wa ransa cewa tun ba a kwaɓa siminti ba waɗannan gine-gine sun daɗe suna yawo cikin kwamfutoci. Mai zane yana Alƙahira ko Jamus, ɗan kwangila yana Jidda, injiniyan da zai sha rana yana unguwar Aziziyya a Makka. Da yake wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, akwai masu zane da ba su taɓa taka filin da suke yi wa aiki ba, iyakar saninsu abin da aka aiko musu. Saboda haka ɗauko samfurin gini mai tsawo da faɗi da zurfi daga wannan manhaja a shigar da shi waccan ya zama aikin kullum a ofisoshin injiniyoyi. A nan kuwa ake sanin halin mutane.

Akwai Malam Ai-a-Bayyane-Yake. Shi ba ya faɗin ma'aunin da ya yi aiki da shi. Wasu fayilolin, irin su STL, lamba kawai suke ɗauka, ba ruwansu da mita ko inci. Shi ya rubuta 601 yana nufin mita, manhajarka ta ɗauka milimita ce, sai ga hasumiyar da ake hangowa daga bayan gari ba ta kai ƙugun mutum ba. In kuma da inci ya zana, komai ya ƙanƙance sau 25.4, ƙofar otal ta koma ta kurciya. Ka kira shi, ya ce, "Haba injiniya, ai a bayyane yake." A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda ɓangare ɗaya ya yi lissafi da ma'aunin Amurka, ɗayan da na mita. Ka ba shi wannan labari, zai jinjina kai ya ce Turawa ma suna da sakaci.

Sai Ɗan Yayi, wanda ba ya kwana sai ya sabunta manhajarsa. Ita Revit ba ta komawa baya: abin da aka adana da ta bana, ta bara ba za ta buɗe shi ba, kuma babu maɓallin da zai mayar da shi. AutoCAD dai tana da sauƙin kai, tana yarda a adana wa mai tsohuwa. Ɗan Yayi ya san duk wannan. Amsarsa ɗaya ce: "Ku ma ku sabunta mana," kamar shi zai biya kuɗin lasisin ofis gaba ɗaya.

Mai Alwatika ya fi ban tausayi, don shi da zuciya ɗaya yake aiki. An ce ya kawo adon rufin zaure, irin sassaƙar nan mai kama da saƙar zuma da ake yi a saman mihrabi. Ya kawo shi cikin STL, tsarin da aka ƙirƙiro a 1987 domin injinan da ke buga abu ya fito a taɓa shi. STL bai san bango ba, bai san baka ba, bai san rami ba. Komai a wurinsa ƙananan alwatika ne manne da juna. Ka danna buɗewa, fankar kwamfuta ta fara kuka, ka je ka yi la'asar ka dawo tana nan tana lissafi. Da ta buɗe sai shugaban ofis ya leƙo ya ce a ƙara wa bakan faɗi da santimita goma. Gyara irin wannan fayil daidai yake da a miƙo maka dambun nama a ce ka mayar da shi rago.

Ɗan safiyo kuwa gaskiyarsa ce take wahalar da mutane. Yana aiko fili da ainihin lambobinsa na taswirar duniya, kuma a tsarin UTM Makka tana shiyya ta 37, sama da kilomita 2,300 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Mai zane shi kuma ya fara gininsa daga sifili. Aka haɗa fayilolin biyu, allo ya yi fari fat. Ka ce manhaja ta nuna komai, sai ɗigo biyu su bayyana, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan: ɗaya gini ne, ɗaya filinsa. In ka matsa kusa, layuka suna rawa, da'ira ta yi kusurwoyi, don manhajojin nan ba sa son lissafi nesa da mafarinsu. A nan ne abokin tafiyarsa yake shigowa, wato Sabon Yaro Mai Taimako. Ba ya tambayar kowa. Ya kama filin da linzami ya ja shi zuwa sifili, ya murza shi kaɗan don ya zauna daidai a takarda, ya adana, ya tafi cin kabsa yana jin ya ceci ofis. Bayan mako biyu ana kafa turaku a filin maƙwabci, a garin da taƙi ɗaya na ƙasa kusa da Harami ya isa a shekara ana shari'a.

Wanda na fi jin daɗin kallonsa shi ne Mai Sauke Masallaci. An ce ya sa ƙaramin masallaci a harabar gidan alhazai, sai ya shiga rumbun 3D Warehouse na SketchUp ya sauko da wani kyakkyawa. Wani lokacin ma hasumiyar a kwance take isowa, domin manhajoji irin su Maya suna ɗaukar layin Y a matsayin sama, AutoCAD kuwa Z. Wannan mai sauƙi ne, a tayar da ita. Babbar maganar alƙibla ce. Mutumin Kano ko Maraɗi ya tashi ya ga kowane masallaci yana kallon gabas, har abin ya zauna masa a ka. A Makka ba haka ba ne. Mai salla a Misfala arewa yake fuskanta, na Masallacin A'isha a Tan'im kudu, na Aziziyya wajen yamma. Kowace unguwa da nata, kuma kusa da Harami tsallaka titi biyu ma yana canja kusurwar. Mutuminmu bai duba inda arewar fayil take ba, ya ajiye masallaci yadda ya zo, mihrabi ya ba Ka'aba baya. Da aka nuna masa sai ya ce, "To ai gabas yake kallo."

Mai Rabin Kaya ba sai an daɗe a kansa ba. Ya turo DWG ta WhatsApp, ya bar fayilolin da ke jingine da shi a kwamfutarsa, ya bar haruffan Larabci, sunan kowane ɗaki ya koma alamar tambaya. Ya turo OBJ babu MTL, marmara da katako duk suka zama toka-toka. Kuma ranar Alhamis da yamma yake turowa. Makka tana hutun Juma'a da Asabar, Jamus tana hutun Asabar da Lahadi, tambayar minti ɗaya sai ta kai Litinin.

Sannan ga Alhaji mai gida, dattijon da ya shekara arba'in a Shara Mansur. Shi hoton wani bene ya ɗauko da waya a Jidda.

"Ɗana, sa wannan a kwamfuta, a juya mini shi in ga bayansa."

"Ranka ya daɗe, hoto ne, ba a ɗauko bayan ba."

"To ita kwamfutar mene ne aikinta?"

Ba a musu da shi, don shi ke biya. A ba shi shayi, a zauna a zana daga farko.

Akwai wani iri kuma, ba su da yawa. Kayan inji ya aiko su da STEP, gini ya aiko shi da IFC, ya haɗa komai cikin jaka ɗaya, ya rubuta layi huɗu: ma'auni milimita ne, ga mafari, ga arewa ta gaskiya, ga shekarar manhaja. Ba a cika sanin sunansa a ofis ba, tunda ba a taɓa kiransa da dare ana faɗa ba.

Ɗalibanmu na zanen gini a Zariya da Kano da ke burin aiki a ƙasa mai tsarki, don Allah ku riƙa rubuta layukan nan huɗu kafin ku danna aikawa. In da masallaci a ciki, ku ƙara na biyar, ku faɗi inda Ka'aba take daga filin.