Alhaji Ya Tafi Neman Shiru

Makon nan wayata ba ta huta ba, saboda wani Alhajin unguwarmu ya tafi hutu. Wai hayaniyar Katsina ta ishe shi, ya niƙi gari har Legas, ya shiga jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay, bakin tekun da mota ba ta zuwa. Ko zama bai yi ba ya kira 'yan majalisarsa na Ƙofar Soro ta bidiyo, yana kwarara murya: "Kuna jin shirun nan kuwa? Wallahi ko tari babu!" Aka ce, "Muna ji, Alhaji, rage murya."

Ni butar ce ta tsaya mini a rai. Mutum ya tsaya gaban Tekun Atlantika, babbar riga ta sha sitaci, hula ta zauna daram, ga takalmi sau-ciki, a hannunsa buta cike da ruwan leda. Malamai sun daɗe da gama magana cewa ruwan teku yana alwala, amma Alhaji ba ya yarda da ruwan da bai san mai shi ba. Butar nan ta samu kujerarta a jirgi. A kowane hoto ita ce a gaba, teku na baya, ya zo rakiya. Da igiyar ruwa ta taso, Alhaji ya sure ta ya ruga, kada ta jiƙe.

To, wanda ya girma yana leƙen ɗan garuwa ai dole ya riƙe butarsa. Famfon layinmu gizo-gizo ya yi aure a ciki har ya ga jikoki. Tekunmu kuwa madatsun ruwan Ajiwa da Zobe da Jibiya ne. Ka ce wa uwargida za ka kai yara shan iska Jibiya da yamma, ka ga yadda za ta fara neman gafararka. Shiru muna da shi jibge a ƙauyukan da 'yan bindiga suka watsa, kuma ba wanda ke zuwa ɗaukar hoto.

Tunda maganar ruwa ta zo, 'yan garuwa, ku ji tsoron Allah. Jiya wani ya ƙara mini kuɗin jarka, wai fetur ya tashi. Kurar nan da hannu yake tura ta. Na ce, "Malam, ina injin?" Ya shafa cikinsa. Na biya.