Kowa da Irin Lakarsa

Ɗan mutum-mutumin LEGO ba shi da gwiwar ƙafa, ba shi da gwiwar hannu. Tun da kamfanin nan na garin Billund a ƙasar Denmak ya fito da shi a 1978, gaɓoɓi bakwai kacal aka ba shi: wuya ya juya, kafaɗu su wulwula, hannuwa su murɗa, ƙafafu su yi gaba su yi baya. Tsawonsa duka-duka kamar santimita 4 ne. Da wannan ɗan taliki wasu bayin Allah suka ɗaura ɗamarar shirya fina-finai, har da na yaƙi da na soyayya. A tsayar da shi a ɗauki hoto, a ɗan gusa masa ƙafa a sake ɗauka, haka dai haka dai har a tara hotunan da in an jera su da sauri ido zai rantse tafiya yake yi. Da yawansu hoto 15 suke ba kowace daƙiƙa, wato fim na minti guda yana cin hoto 900.

Damuwar ita ce ɗan talikin bai cika tsayuwa da kyau ba sai 'yan maɓallan nan da ke saman bulon LEGO sun shige cikin ramukan ƙafarsa. Ka ɗaga masa ƙafa ɗaya a kan sumul ɗin wuri, ya kife. Ka ce ya yi tsalle, ya ce bai san zance ba. Jini da taɓo babu su a kwali, wuta da ruwa kuwa akwai, amma sandararru. Ta nan laka ta samu ƙofa. Ba lakar bakin rafi ba, irin wadda wani malamin zane mai suna William Harbutt ya haɗa wa ɗalibansa a garin Bath na Ingila a 1897, aka raɗa mata Plasticine. Da mai ake kwaɓa ta, shi ya sa ba ta bushewa. Ka murza ta bana, ka murza ta baɗi. Haɗa ta da bulo ba yau aka fara ba, don tana cikin fim ɗin The Magic Portal da Lindsay Fleay ya yi a birnin Perth na Ostireliya tsakanin 1985 da 1989. Sai dai ka ba mutum goma curi guda-guda, ka ja kujera ka zauna, kafin la'asar ka san halin kowa.

Wanda zai fara mayar maka da curinka shi ne Malam Zalla. Aƙidarsa a taƙaice take: abin da bai fito daga masana'antar LEGO ba, ba ya giftawa ta gaban kyamararsa. Hayaƙinsa fararen bulo ne, ruwansa shuɗɗan bulo masu garai-garai, in kuwa bam zai tashi sai ya gina fashewar ya rushe, ya sake gina wadda ta fi ta girma ya rushe, har dare ya raba. Aikin yana da kyau, ba a hana shi wannan. Wa'azin ne ke da yawa. Hujjarsa kullum ita ce The LEGO Movie na 2014, inda teku da ƙura da harshen wuta duk bulo ne. Abin da ba ya son a tuna masa shi ne kusan duk fim ɗin nan a kwamfuta aka zana shi, a kamfanin Animal Logic na birnin Sidni, ba wanda ya durƙusa gaban tebur yana tsince tekun da yatsa. In kana son ka ga inda yake ɓoye tasa, jira ya fita shan ruwa ka ɗaga farantin da ya gina garinsa a kai. Kusurwa huɗu, curi huɗu na Blu Tack, an danne su don kada farantin ya gusa. Ka nuna masa, zai ce maka wannan ai danƙo ne ba laka ba, kuma bai fito a fim ba. Laifi tudu ne.

Kishiyarsa shi ne Sarkin Fawa. Yawanci saurayi ne mai jini a jika, kuma za ka gane shi ta kwalin lakarsa: shuɗiya da koriya da rawaya suna nan cikin ledarsu ko taɓa su ba a yi ba, ja kuwa wannan sayen na uku ke nan. Labarin fim ɗinsa ba ya wahalar da kowa. Mutum biyu sun haɗu a hanya, ɗaya yana da takobi. Daƙiƙa goma an gama da labari, sauran minti biyun na jini ne. Ɗan mutumin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba sai ya zubar da abin da ya ninka nauyinsa sau uku, ya cika titi, ya gangara kwata, ya fantsama a gilashin mota. Abin da ke ƙara wa lamarin armashi shi ne fuskar nan bugaggiya ce, ba ta sauyawa. Har zuwa 1989 da aka fito da 'yan fashin teku masu gemu da makantar ido guda, duk mutanen LEGO murmushi iri ɗaya suke yi. Saboda haka kai ya rabu da gangar jiki ya mirgina can gefe, amma fara'a tana nan daram.

Amma a yi masa adalci, Sarkin Fawa ya iya hannu. Ka tsaya a bayansa ka gani. Zai tsinko ja kamar ƙwayar shinkafa ya ɗora a ƙirjin bos, ya ɗauka. Ya ƙara wani ɗan mitsitsi a ƙasansa ya ja shi da tsinken sakace, ya ɗauka. Ya murza wani siriri ya liƙa a bakin takobi don a ga feshi, hoto biyu kawai ya cire shi, don ya san in ya kai huɗu ido zai gane laka ce. A ƙasa kuma yana faɗaɗa kududdufin da bayan cokali, kowane hoto ɗan ƙari kaɗan, yana rage ƙarin a hankali domin malalar ta lafa yadda ta gaskiya ke lafawa. Wanda ya iya wannan ya iya lokaci, kuma lokaci shi ne duk sana'ar. Da zai juya ta ga ruwan sama ko narkewar kyandir da an sara masa. Ba zai juya ba. Farin dokinsa ma tuni ya koma ruwan hoda, don jar laka in ta kwana a kan farin bulo sai ta bar shaida.

Shi kuwa Mai Araha ya shiga kanti ya ga Play-Doh ya ce ai duk laka laka ce. Ita wannan da fulawa da ruwa da gishiri ake yin ta, asalinta ma abin goge takardar bango ce a Amurka kafin a mayar da ita kayan wasa a 1956, kuma iska na shan ruwanta. Ya gina dodo da daddare, ya ɗauki rabin fitowa, barci ya sace shi. Da safe dodo ya tsattsage, gishiri ya feso masa a goshi. Ya ci gaba da ɗauka a haka. A fim ɗin, tsakanin hoto da hoto dodo ya tsufa da shekara arba'in.

Akwai wanda ya sayi ta gaske amma ya manta mai ne a cikinta, mai kuwa ba ya shiri da zafi. Ya kafa wa teburinsa tsofaffin ƙwayayen lantarki masu ƙuna guda biyu, ya manna jarumi da laka a kan dutse yana yi wa mayaƙa jawabi. Ido ba ya ganin abin da ke faruwa, kyamara tana gani. Sai an kunna fim a ga jarumi yana magana yana rusunawa a hankali, kafin ya kai ƙarshen jawabi goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Mai yin wannan aiki a ƙasarmu cikin watan Afrilu ba ya ma buƙatar fitila, ɗakin ya wadatar. Yawanci shi ne kuma wanda ba ya wanke hannu tsakanin launi da launi, har kwalin kala goma sha biyu ya dunƙule ya zama curi guda mai launin da ba shi da suna, cike da zaren riga da ɓurɓushin biskit. Ya manta kyamarar dab take da tebur. Silin gashi guda a wannan duniyar igiya ce.

Mai Sauya Sheƙa da gemu ya fara. Jaruminsa na son gemu, babu a kwali, ya murza masa. Daga nan alkyabba, daga nan hanci, daga nan ya ga ai fuskar ma gara ya yi tasa mai motsa baki. Ana haka ya kalli Wallace da Gromit na Nick Park, da ɗan ragon nan Shaun da yara ke so, ya ji cewa a kamfanin Aardman na birnin Biristol ba a damu da goge shatin yatsa daga jikin laka ba, don a san hannu ne ya yi. Tun ranar ya daina shafe nasa, ya koma kiran ƙazanta salo. Da masana'antar Newclay da ke yi wa Aardman laka ta rufe a 2023, sai da aka yi masa jaje. A fim ɗinsa na baya-bayan nan ƙofa ce kaɗai ta rage ta LEGO, amma har gobe gasar masu fim ɗin bulo yake kai shi, in an ƙi karɓa ya ce hassada ce.

Gwanin Baki bai taɓa gama daƙiƙa goma ba. Ya san manhajar Dragonframe ciki da bai, ya san kuskuren kowa, nasa fim ɗin yana nan tafe.

Wanda na fi girmamawa ba za ka taɓa ganin laka a fim ɗinsa ba, alhali ya fi Sarkin Fawa dogaro da ita. Laka kamar ƙwayar gero guda yake sawa a ƙarƙashin ƙafa, sai jarumi ya taka sumul ɗin daɓe yana rangaji, ba ruwansa da maɓalli. Kafaɗar LEGO gaba da baya kawai take zuwa, shi kuwa sai ya zare hannun daga raminsa ɗungurungum, ya maƙala shi da ɗigon laka mai launin rigar, ya karkata kyamara yadda kafaɗa za ta rufe sirrin. Sai ga mutumin bulo ya buɗe hannuwa, ya tafa, ya kai kofi baki, ya dafa kafaɗar aboki. In tsalle ne, ya kafa masa ginshiƙin laka a baya, ya ɗauki hoton wurin babu kowa, daga baya ya share ginshiƙin a kwamfuta hoto bayan hoto. Awa uku a kan abin da mai kallo zai gani cikin ƙiftawar ido. Ba ya yawan magana. Abin dariyar shi ne Malam Zalla har da fim ɗin wannan mutumin yake kafa hujja, yana cewa ku duba abin da ake yi da bulo zalla. Shi kuma ya yi murmushi ya ce an gode.

Saura mutum ɗaya da ba a sa sunansa a ƙarshen fim, wato mai kayan. Sau da yawa yaro ne ɗan shekara bakwai da aka ce an saya wa tsaraba.

"Abba, yaushe za ka gama da motata?"

"Saura hoto ɗari uku, ɗan albarka. Kada ka taɓa teburin nan."

In an gama aka miƙo masa, sai ya tarar ɗan sandansa ya daina tsayuwa a kan bulo. Ramukan tafin ƙafa da na bayan cinya duk sun toshe da laka, gashin kai ya ƙi zama, takobi na danƙo. Shi zai zauna da tsinke yana haƙa, darakta yana can yana ƙirga mutum nawa suka kalla.

Mai karatu, in abin ya ba ka sha'awa, ka sayi laka mai man nan da ba ta bushewa, ka nemi fitilar da ba ta zafi, ka ajiye tsumma kusa don goge hannu, kuma kada ka bar ja ta kwana a kan fari. In kayan aro ne, ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshi sun isa. Ka sakace ramukan ƙafar nan da kanka kafin ka mayar wa yaro abinsa.