Wasiƙar da ta mai da ni mace

Ina da wata cuta da ba a kwantar da mai ita a asibiti, wato son babban suna. In aka ce mini ga ruwan sanyi a randar maƙwabcina, ga kuma mai ɗumi a gidan Sanata, sai in ɗauki moɗa in nufi gidan Sanata. Shekara da shekaru ina kiran abin "sanin darajar manya", har ranar da neman wasiƙar shaida ya kwance mini zani a kasuwa.

A Lugbe nake zaune, can bayan rukunin gidajen FHA, inda kwalta take ƙarewa 'yan acaɓa su karɓi ragamar mulki. Lauya ne ni, amma irin wanda ya fi sanin nauyin fayil ɗin maigidansa fiye da fuskar alƙali. Bara na ƙudurta zuwa Ingila karatun digiri na biyu a fannin shari'a, karatun shekara ɗaya. Jami'ar ta nemi wasiƙa biyu daga mutanen da suka san ni, kuma ta bayyana cewa aƙalla ɗaya ta fito daga malamin da ya koyar da ni. Har tambayoyin da za a yi wa mai shaidar an nuna: tun yaushe ka san shi, kuma a wane matsayi? Na karanta tsaf, na fahimta sarai, ai karatun takarda ne sana'ata. Daga nan na tashi na yi akasin abin da aka ce.

Ina da ɗan uzuri, ko da yake ba zai tsaya a gaban kotu ba. Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a Legas a 1962 kafin hedikwatarta ta dawo Bwari a 1997, ba ita take rantsar da kai lauya ba. Wannan aikin majalisar dattawan lauyoyi ne. Kafin su yarda ka sa hular gashi da baƙar riga, sai ka ci liyafar dare uku tare da su ana duba yadda kake riƙe cokali, kuma sai biyu daga cikinsu sun sa maka hannu cewa kai mutumin kirki ne da ya dace da aikin. A can, sa hannun babba ƙa'ida ne, kuma da dalilinsa. Ni kuwa sai ƙwaƙwalwata ta ɗauki darasin a karkace, ta rubuta cewa duk takardar duniya ba ta tashi sai babban mutum ya hura mata iska.

Don haka na sa ido a kan wani Babban Lauyan Najeriya, mai muƙamin nan na SAN da aka fara bayarwa a 1975 ga Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas. Dangantakarmu da shi kuwa mai ƙarfi ce ƙwarai: surukin abokin yayana ne. Sau ɗaya muka taɓa gaisawa a wurin ɗaurin aure, ya miƙo mini hannu yana kallon wani.

Sau biyar na je ofishinsa a Maitama. Wanda bai taɓa fita daga Lugbe da safiyar Litinin ba, ba zai san abin da sau biyar ke nufi ba. Ƙarfe shida ka tsallaka gadar ƙafa, ka cusa kanka na huɗu a bayan tasi, jakarka a kan gwiwa, gwiwar wani a haƙarƙarinka, motoci sun cika titin filin jirgi suna jan ciki har ƙofar birni. Kafin ka isa, gugar da aka yi wa rigarka da gawayi ta zama tarihi. Sai ka shiga ɗakin jira mai sanyi kamar firji, ka zauna a kujerar fata da take nitsewa da kai har gwiwoyinka su kusa taɓa haɓarka, kana kallon hotunan Oga da shugabannin ƙasa daban-daban, kowanne yana dariya kamar shi ne aminin. Na haddace hotunan nan. Na san wanda firam ɗinsa ya karkace. Sakatariya kuwa kullum amsarta ɗaya daga cikin biyu, ko Oga ya fita, ko Oga yana taro, kuma a kowane hali sai in ce mata na gode.

A zuwa na biyar aka shigar da ni. Na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma."

"Yauwa, samari. Ɗan wa kake ma?"

Na soma warware zaren surukin abokin yayan, ban kai rabi ba wayarsa ta yi ƙara. Ya rufe bakinta da tafin hannu ya ce, "Ba komai, ka bar wa sakatariya takardunka." Duka-duka bai kai minti biyu ba, amma na fito ina tafiya kamar an naɗa ni Waziri.

Bayan mako aka ba ni ambulan. Ban iya haƙuri ba, a cikin tasi na buɗe, daidai Kuchingoro. Takarda mai kauri, tambari ruwan zinariya, sakin layi uku. Na farko ya ce ni matashi ne mai ɗa'a. A na biyu sai na koma mace. Oga ya san "ta" tun tana ƙarama, yarinya ce mai ƙwazo, iyayenta mutanen kirki. A na uku aka dawo mini da mazantakata, aka ce duk taimakon da aka yi mini ba zai faɗi ƙasa banza ba. Babu kalma ɗaya a kan karatu. An ɗauko wasiƙar wata baiwar Allah ne daga kwamfuta aka sauya suna, gyaran bai kai tsakiya ba. Wanda ke kusa da ni ya ga ina ta kallon takarda, ya ce, "Lafiya dai, Barista?" Na ce masa alhamdulillahi, labari ne mai daɗi.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tun ranar farko na san wadda ya kamata in nema. Akwai Malamar da ta koya mana dokar filaye, ita ce kuma ta duba kundina na shekarar ƙarshe, wanda na rubuta a kan Dokar Amfani da Filaye ta 1978 da makomar gonakin Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, bayan dokar 1976 da ta ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya. Ta karanta kowane shafi da jan biro. Ta san inda na iya. Matsalar ita ce ta san sauran ma. Ta san na kai babi na uku bayan mako uku da cikar wa'adi, na ce kakata ce ta rasu, alhali wannan kakar ta riga ta rasu a darasin wani malami a zangon baya, kuma ofishinsu ɗaya. Shekara bakwai ban kira ta ba. Da na ji mijinta ya rasu na ce gobe zan je ta'aziyya, goben nan har ta yi jika. Ashe ba tambarin zinariya kaɗai ya kai ni Maitama ba. Babban abin da ya ja ni wurin Oga shi ne bai san ni ba, don haka ba shi da abin tunawa.

Saura kwana tara jami'ar ta rufe karɓar takardu, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Na fito bakin titi wajen mai shayi, don a ɗakina waya ba ta kamawa sai ka hau kujera, na danna lambarta ina addu'ar kada ta shiga. Ta shiga.

"Assalamu alaikum, Malama. Ɗalibinki ne, ban sani ba ko za ki..."

"Wa alaikumus salam. Na gane muryar. Yaya kakar taka, ta sake rasuwa?"

Mai shayi ya ga na zauna a benci ba shiri. Na yi mata ta'aziyyar da ta makara da shekaru, ta amsa ba tare da gori ba, ta ce Allah ya ba da lada, wanda ya fi mini zafi fiye da a ce ta zage ni. Sannan ta shiga aiki. In turo mata kundin, in turo abin da na yi tun bayan Bwari, in kuma gaya mata abin da nake so in koyo a Ingila. Na fara lissafa mata sunayen manyan jami'o'i.

"Ɗana, ban tambaye ka suna ba. A ina kake zaune yanzu?"

Na ce Lugbe.

"To ka leƙa waje. Fili ɗaya takarda uku, jan fenti a jikin katanga, mutane suna kwana da fargabar rusau. Kundinka ne yake yawo a ƙofar gidanka, kai kana neman abin rubutawa."

Kafin ta kashe wayar ta ƙara da cewa za ta faɗi gaskiya, za ta fi ba da ƙarfi a wadda za ta amfane ni, amma kada in sa ran ta ce ina cika wa'adi. Cikin kwana huɗu ta aika, kai tsaye daga imel ɗinta zuwa jami'ar, kamar yadda ƙa'ida take tun farko, abin da ke nufin takardar Oga ko da ta bar ni a namiji ba ta da ƙofar shiga. Wasiƙa ta biyu maigidana na ofis ne ya rubuta, mutumin da na raina saboda ofishinsa a saman kantin magani yake. Shi ko tambayata bai yi ba, ya ce dama yana jira.

Sun ba ni gurbin. Kuɗin ne bai ba ni ba, don haka har yanzu ina tsallaka gadar ƙafa ƙarfe shida. Wasiƙar Malama ban taɓa ganinta ba, kuma wani dare sai in farka ina tunanin ko kakata ta shiga ciki.

Ta Oga kuwa na kai an manne ta da leda a shagon masu kwafi, naira ɗari biyar, saboda tambarin nan bai kamata ya lalace ba. Makon jiya uwargida tana neman katin asibitin yaro ta ci karo da ita a durowa. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa, sannan ta ɗago.

"Baban Amira, wace ce wannan yarinyar mai ƙwazo da kake ajiye takardarta?"

Na ce mata ni ce.