Lambun Yara a Tsakar Gida

Lambun tsakar gida ba ya buƙatar fili. Tsohon bokiti da aka huda gindinsa ya isa, sai ƙasa da ɗan taki, sai yaro mai zumuɗi. Wake ya fi dacewa, domin yakan tsiro cikin mako guda, muddin an bar shi a ƙasa. Yaro kuwa yakan tono irin kowace safiya ya duba lafiyarsa, sannan ya mayar. Ban ruwa ba ya wuce sau tara a yini, har da ragowar koko.

Idan duk da haka ganye ya fito, sai a kewaye shi da ƙaya. Girbi aikin akuyar maƙwabta ne. Ba ta makara, kuma takan haɗa da zanen da aka shanya.