Bishiyar Dangi Ko Yaɗon Kabewa?

Da zarar dangi sun buɗe zaure a WhatsApp, sun yi taron zumunci an ci shinkafa an ɗauki hoto, sai wani ɗan boko ya miƙe ya ce lokaci ya yi da za a zana bishiyar zuri'a a buga a kalanda. Nan take a ɗora masa aikin, a naɗa shi Sakatare. Allah sarki, ya ɗebo ruwan dafa kansa.

Wanda ya ƙirƙiro wannan zane miji ɗaya da mace ɗaya ya sani, sai 'ya'ya biyu su sauko a layi. Namu kuwa yaɗon kabewa ne, ya fita ta nan, ya zagayo ta can ya kama jikinsa.

Ga Alhaji Babba a sama. Mata huɗu, ya saki biyu, ya cike gurbi, ɗaya ta yi kome. Sakatare ya ja layi, ya goge, ya sake ja. Uwargida ta rasu, iyayenta suka ce zumunci ba zai yanke ba, aka maye masa da ƙanwarta. Amaryar ƙarshe bazawara ce, ta zo da agola, yarinya ta tashi a gidan, babban ɗan Alhaji ya ce ya gani yana so. Matar uba ta zama suruka. Da Alhaji ya cika, amarya ta gama takabarta wata huɗu da kwana goma, ƙaninsa ya ce ba zai zuba ido marayu su tagayyara ba, ya aure ta. Ɗan da suka haifa kawu ne ga jikokin Alhaji ta wajen uwa, baffa ta wajen uba, kuma dukansu sun girme shi, su suke goya shi. A wane reshe za a rataye shi?

Sai batun suna. Muhammadu bakwai ne a gidan, duk sunan kaka suka ci, kuma ba wanda ake kira da shi: wannan Abba, wancan Baba Ƙarami, na goye Halifa. Sakatare ya durƙusa gaban Hajiya ya ce, "Inna, wa ye sunan ɗanki na fari?" Ta kau da kai ta ce, "Kai, ba ka da ta-ido? Je ka tambayi uwarka." Sunan mijinta kuwa ko da kuɗi ba za ta faɗa ba. Yana fitowa Gwaggo ta ja shi gefe ta raɗa masa cewa ita ta shayar da wane da wance lokacin da uwarsu ta kwanta ciwo. Wannan layi babu gurbinsa a takarda, amma shi kaɗai ya isa ya wargaza bikin da aka riga aka kai lefe.

Kada wani ya ce mu kaɗai ne. Marigayiya Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu da mijinta Philip duk zuri'ar Sarauniya Victoria ne. Tuwona maina ba shi da ƙabila. A nan gida kuwa, tun 2024 dokar Kano ta ce a gwada jini kafin ɗaurin aure, don sikila ba ta jin kunyar taubashi.

Inda kowa ya yi ittifaƙi shi ne saiwa. Kowane gida daga Makka ya taso, ko Bagadaza kamar Bayajidda, ko Futa Toro. Ban taɓa ganin kalandar da kakan gidan ya zo cin rani ya maƙale ba. Matar da aka rabu da ita baram-baram kuwa, sai a ce wuri ne ya ƙare.

Malam Sakatare, ka yi zanenka da fensir, kuma kada ka yi gaggawar kai wa mai buga kalanda. An ga motar ƙanin Alhaji jiya bayan isha a ƙofar gidan Gwaggo, kuma 'yarta ta gama idda.