Karen Jahannama a Hawa na Uku

Malamanmu na fiƙihu, Allah ya jiƙansu da rahama, sun tsefe hukuncin wasanni filla-filla, suka ware wanda ya halatta, kamar tseren dawaki da harbin kibiya, da wanda aka hana, kamar nardu, wanda Ibn Abi Zaid ya ambata tare da shaɗaranji can wajen ƙarshen Risala. Amma duk da faɗin bincikensu, ba su bar mana nassi ko ɗaya ba a kan wasan da dattijo zai zauna a kan tabarma a ƙasar Shanono, babu lantarki, babu kwamfuta, wayarsa ma tana wajen mai caji, ya fasa taskar wani kamfanin Japan a shekarar 2045, kana ya tashi da kira daga ƙofar mai unguwa. Wannan giɓi da magabata suka bari, ni Allah ya ƙaddara in faɗa cikinsa.

Asalin al'amarin shi ne wani ɗan ƙanena, mai karatu a jami'a a Kano, ya zo hutu bayan an gama kai dawa rumbu, ɗauke da littafi mai shafi fiye da 400 wai shi Cyberpunk Red. Wani Ba'amurke baƙar fata, Mike Pondsmith, shi ya ƙago wasan a 1988, wannan kuwa bugun 2020 ne. Mutum guda ya zama alƙali yana ba da labari, sauran kowa ya riƙe takarda mai ɗauke da siffofin mutumin da yake wakilta, duk abin da aka ƙudura yi kuma sai a jefa ɗan ludo mai fuska goma a ga ko ya yiwu. Da aka zo rabon muƙamai sai samari suka yi ijma'i a kan ni zan zama ɗan kutse, hujjarsu kuwa ita ce ina sa tabarau, kuma na koyar da lissafi a firamare har na yi ritaya.

Babin kutsen na karɓe shi da girmamawar da ta dace, domin na same shi da sharuɗɗa da rukunai da abubuwan da ke warware shi, tamkar babin alwala. Sharaɗi na farko, sai mutum ya kusanci mashigar na'ura da abin da bai wuce mita 6 ba, don haka babu mai fasa banki yana kwance a ɗakinsa. Idan ya shiga, sai ya tarar da bene hawa-hawa, kowane hawa da abin da aka ajiye masa, ko kalmar sirri, ko fayil, ko mai gadi, kuma ba ya wuce ƙofa rufaffiya sai ya haɗa darajar gwanintarsa da abin da ɗan ludo ya ba shi, jimillar ta zarce adadin da aka yanka. In suka yi kunnen doki ma ya faɗi. Mai daraja ta 4, irina, aiki uku yake da shi a kowane zagaye, zagayen kuwa daƙiƙa 3 ne kacal a cikin labari, ko da yake mu mukan ci rabin sa'a muna gardama a kansa. Wanda ya jefa 10 ya sake jefawa a ƙara masa, wanda ya jefa 1 ya sake jefawa a zabge masa, kuma ban taɓa ganin ƙa'idar da ta fi wannan fahimtar halin duniya ba. Makamansa manhajoji ne, akwai Takobi, akwai Sulke, akwai Tsutsa mai taimakon ɓalle ƙofa. Masu gadin kuwa akwai Kunama da Hankaka, amma ja-gabansu wajen sharri shi ne Karen Jahannama, wanda idan ya cafki mutum yakan taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya kuma cinna wa na'urarsa da tufafinsa wuta. Wanda ya tsorata ya fizge waya ya gudu ba bisa ƙa'ida ba, duk mai gadin da ya bari a raye sai ya sallame shi da nasa rabon a kan hanyar fita.

Ɗan ludo dai na ce ba za a jefa shi a gabana ba, saboda shubuhar nardu. Na yi ƙiyasi a kan ƙuri'a, wadda mafi yawan malamai suka halatta, na rubuta lambobi a guntayen takardu, na zuba a hulata, kowa ya sa hannu ya zaro. Iskar hunturu kuma ta hana taswira zama, sai muka share ƙasa a gindin darbejiya muka zana benen da tsinke. Har gobe ina ganin wannan ijtihadi ne mai kyau, illa dai wanda ya hango mu daga hanya abin da zai gani shi ne tsoho kai babu hula, yana zane a ƙasa, samari sun kewaye shi suna zaro takardu.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar, na ɓalle ƙofa ta farko da ta biyu, farin ciki ya ɗebe ni na ɗaga murya na ce, "Ku tare mini 'yan sanda a ƙofa, na shiga asusun, yanzu zan kwashe!" Ina taka hawa na uku sai ga kare. Na zaro 1, na sake zarowa na samu 9. Yaron nan ya miƙe tsaye ya ƙwalla ihu, "Baffa, ya kama ka! Rigarka ta kama da wuta!" Wani ɗan garuwa, bawan Allah mai saurin taimako, yana tura kurarsa daidai wurin, bai tsaya neman bayyina ba, ya sunkuci jarka ya juye mini ita tun daga ƙeya, a cikin sanyin da ko akuya ba ta yarda ta bar jikin bango. Da na buɗe ido sai na ga ya tsaya yana jiran kuɗin ruwansa.

Kafin magariba labari ya riga ni zuwa masallaci, washegari kuwa aka tara mu a zauren mai unguwa, liman na dama da shi. Tuhuma uku aka karanto mini: caca, da bugun ƙasa, da damfarar intanet irin ta yaran da ake kira 'yan yahu. Wani mai sauraron rediyo ya ƙara da cewa tun 2015 akwai dokar laifuffukan intanet a Nijeriya, ya faɗe ta yana dubana kamar shi ya rattaba mata hannu. Na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, kamfanin babu shi, kuɗin babu su, karen ma babu shi." Liman ya gyara zama ya ce, "To Malam, in babu kare, me ya sa aka yi maka wanka?" Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan tambaya ɗan garuwa ya kamata ya amsa ta."

Nan ɗan ƙanena ya nemi izini ya kare ni da tarihi. Ya ce ai ko a Amurka an yi irin wannan: ranar 1 ga Maris 1990 jami'an tsaro na asiri suka dira ofishin wani kamfanin wasanni mai suna Steve Jackson Games a birnin Austin na jihar Texas, suka kwashe kwamfutoci da rubutun wani littafin wasa, GURPS Cyberpunk, suna ɗaukarsa jagoran aikata laifi da kwamfuta, alhali ƙa'idojin jefa ɗan ludo ne; sai a 1993 kotu ta ba kamfanin gaskiya, da diyyar fiye da dala 50,000. Yaro ya zauna yana murmushin wanda ya ci shari'a. Mai unguwa ya jinjina kai, ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji ko? Ashe har a Amurka an taɓa kama su."

Daga nan ya yanke shawarar jarrabawa, wadda na shaida akwai hikima a cikinta. Ya zaro wayarsa, wadda jikansa ya sa wa mabuɗi tun shekaranjiya ta ƙi buɗuwa, ya ce in buɗe. In ta buɗu na tabbata ɗan kutse, in ta ƙi an wanke ni. Na karɓa da hannu biyu, na juya ta gaba da baya, na danna wani abu a gefe, sai fitilarta ta haske idon liman. Aka kira jikan, yaron da bai sauke izu biyu ba, ya ja yatsa sau ɗaya ta buɗe. Mai unguwa ya sallame ni, da sharaɗin in daina zane a ƙasa, in kuma biya ɗan garuwa.

Sai dai jama'a sun fita da wata fahimta dabam, wato cewa gwanin gaske shi ne wanda ya iya ɓoye gwanintarsa a gaban hukuma. Tun daga daren nan sallama ba ta yanke a ƙofata ba, kuma duk bayan isha'i, da murya ƙasa-ƙasa. Wani kuɗinsa sun maƙale wajen mai POS, wani yana so a cusa sunansa a jerin masu samun taki, wani abokin aikina na dā ya zo da takardun fanshonsa a leda. Wani tun daga Bagwai ya hawo babur da zakara a ɗaure, yana roƙon in shiga in goge bashin da ake binsa. Na yi masa bayanin sharaɗin mita 6, ina zaton zai gane ba'a ce, sai ya ce ba komai, shi zai biya kuɗin mota har bakin bankin.

Na shiga gida ina neman inda zan huta, na tarar da uwargida da amarya zaune a kan tabarma ɗaya, abin da rabona da gani tun ranar suna. Uwargida ta turo mini kwanon tuwo, ta bari sai da na kai loma ta farko, sannan ta ce, "Malam, mun yi shawara ni da ƙanwata. Kuɗin mutanen Japan ɗin nan, mu ba za mu gaya wa kowa ba, amma a raba daidai."