Mu da Littattafan Malamanmu

Mu a nan unguwar, duk littafin da aka ga rubutun Larabci a jikinsa sunansa ɗaya: littafin addini. Ba ma ajiye shi a ƙasa, ba ma ɗora masa kaya, yaron da ya tsallake shi kuwa sai ya sha faɗa. Ladabi ne mai kyau, Allah ya bar mu da shi. Amma in hira ta yi nisa a dakalin ƙofar masallaci tsakanin Magariba da Isha'i, a nan ake gane cewa littattafan nan kowanne da aikinsa, mu ne muke yawan ɗora wa wani nauyin wani.

Mutum zai manta zaman tahiyar farko, hankalinsa ya tashi, ya ce a duba masa tafsiri. Liman ya ce, "Alhaji, wannan ai ba ta tafsiri ba ce, koma gida ka ɗauko Ahalarinka." Gaskiya ya faɗa. Ahalari ɗan siririn littafi ne, wani malamin Aljeriya, Abdurrahman Al'ahdari, ya rubuta shi a ƙarni na 16, kuma ba shi da wani buri da ya wuce mutum ya iya tsarki da salla, ya san inda ake ƙabli da inda ake ba'adi. Da shi iyayenmu suke fara karatun zaure bayan ɗan littafin Ƙawa'idi. In an sauke shi a shiga Ishmawi, wanda ya ƙaro azumi. Daga nan Iziyya, sai ga zakka da aure da ciniki da gado sun shigo. Sannan Risala ta Ibnu Abi Zaidin na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, kuma don a koyar da yara ya tsara ta, ga shi yau da furfurarmu muke zama a gabanta. Can ƙarshe Muhtasar na Halilu, mai dunƙulallen zance, wanda ba a shigarsa sai da malami da sharhi, shi ne alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna yanke hukunci da shi. Duk wannan fiƙihu ne na mazhabar Malikiyya. Ba a rubuta shi don ya sa ka kuka ba, an rubuta shi don kada ka ɓata ibadarka ko ka ci haƙƙin wani. Da yawanmu a tsakiyar Ishmawi kasuwa ta ɗauke mu, kuma wannan yana damuna, domin tambayoyin da muke kawo wa liman kullum amsarsu tana shafukan da muka bari.

Tafsiri shi kam mun san shi, amma da kunne. Azumi na kamawa kowa da inda ya nufa: alaramma yana jan baki, malam yana fassarawa, a gabansa galibi Jalalaini ne, aikin Misirawa biyu, Mahalli da Suyuɗi. Suyuɗin nan ba baƙo ba ne a wurinmu, har wasiƙar nasiha ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas. Namu ma sun yi: Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ut Tawili, Malam Abubakar Gumi ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, aka buga a 1979, Malam Nasiru Kabara shi ma ya yi tasa fassarar. Maƙwabtanmu Kirista kuwa tun 1932 suke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, ga Littafin Waƙoƙi da muke jiyo su suna rerawa ranar Lahadi.

Wata ɗabi'armu ita ce mu ɗauki hadisi ɗaya daga Arba'una ta Nawawi mu yanke hukunci da shi nan take. Malamai sun sha jan kunnenmu a kan haka: littafin hadisi taska ce, fitar da hukunci daga cikinsa kuma sana'ar wasu ce da suka ƙarar da rayuwarsu a kanta.

Amma ku zo watan Maulidi ku ga inda zukatanmu suke. Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus, da Burda ta Busiri, ba hukunci a cikinsu, bege ne tsantsa. Za ka ga dattijon da bai iya fassara baiti ɗaya ba, amma ya haddace harafi guda sukutum, yana rerawa hawaye na zuba. Wani matashi ya taɓa ce wa ɗaya daga cikinsu, "Baba, me kuke ƙaruwa da shi tunda ba ku jin Larabci?" Ya ce, "Yaro, na san wanda ake yabo." Ni ina ganin amsar ta isa, ko da yake da an zauna an fassara wa Baba baitocin da daɗin ya ninka.

Wanda ya fi kusa da mu kuma shi muka fi sakaci da shi: waƙoƙin wa'azi na Hausa. Shehu Usmanu da 'yan gidansa sun rubuta manyan littattafai da Larabci saboda malamai, amma sun san makiyayi da matar da ke daka ba za su buɗe Ihya'us Sunna ba. Sai suka sa karatun cikin waƙa, da Fulatanci da Hausa, a rubutun ajami. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kai abin matuƙa: ta naɗa manyan mata da ake kira jaji, masu jagorantar 'yan taru, su zo su karɓi waƙa a wurinta su koma ƙauyuka su koyar. Ta haka tauhidi da tarihin Annabi da tsoron lahira suka shiga ɗakunan kakanninmu mata. Gwaggo da ke gidan kusa da famfo har yau tana rera irin waɗannan in tana tsince shinkafa, ta ce daga bakin innarta ta ɗauka, ba ta taɓa ganin takardarsu ba. Imfiraji na Malam Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, a bakin almajirai da makafi muka fara jin sa ƙofa-ƙofa. 'Ya'yanmu yanzu ba su iya ko baiti biyu ba, ajamin ma ba su iya karantawa, takardun kuma suna cikin adaka gara tana ci.

To me muke saye yanzu in mun je wurin masu littattafai a Kasuwar Kurmi, ko a faifan da ake shimfiɗawa ƙofar masallacin Juma'a? Ɗan littafin addu'o'i na aljihu, wannan madalla. Sai raddi. Wane ya yi wa wane raddi, an mayar masa, an sake mayarwa, yanzu ma ba sai an buga ba, a waya yake iso mu kafin a idar da sallar Asuba. Raddi ba sabon abu ba ne. Muhammadu Bello da Shehun Barno Alkanemi sun yi musayar wasiƙu masu zafi a kan halaccin yaƙi, Bello ya adana su a Infaƙul Maisuri. Sai dai su malamai ne da suka ƙure fiƙihu da nahawu kafin su ɗauki alƙalamin jayayya, kuma junansu suke rubuta wa. Mu kuwa yaron da bai sauke Ahalari ba ya iya jero laifin malamai goma, har ya daina gaida maƙwabcinsa a kan saɓanin da bai san tushensa ba. Shi ya sa da liman ya ce zai dawo da karatun Ishmawi bayan Asuba, muka ce kowa ya zo da ɗansa, kuma ranar Alhamis za a roƙi Gwaggo ta zauna da 'yan mata, wani ya rubuta abin da take rerawa.